Gayyar da Aka Yi wa Gonar Ciyawa

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi na isa Paikon Kore, da firam ɗina na ƙarfe, wanda nake ɗorawa a ƙasa in ƙirga abin da ya tsiro a cikinsa, a bayan mota, da littafi, da niyyar in kwana uku ina ƙirga ciyawa. Na tarar babu ciyawar.

Na tsaya a bakin wayar da ta kewaye filin. An nome shi tsaf, noma irin na waɗanda suka san aiki. Ga sawun fartanya a jere, ga sawun ƙafa babu takalmi.

Filin bai kai rabin filin ƙwallo ba. Shekara uku da suka wuce tifa ashirin da biyu suka kawo mana ƙasa daga wani tsohon ramin kwal a jihar Kogi, baƙar ƙasa mai tsakuwa, irin wadda ake turewa gefe a tafi a bari idan an gama haƙa. Muka shimfiɗa ta, muka kafa turaku, muka raba ta fili goma sha biyu. Huɗu muka bar su yadda suke. Huɗu muka zuba musu ƙasar gona, kaurin taƙi ɗaya. Sauran huɗun muka ƙara musu kashin shanu da busasshiyar ciyawar daji a kan ƙasar gonar. Daga nan muka janye hannu. Abin da muke so mu sani shi ne wace ciyawa za ta dawo da kanta, kuma a wane fili.

Ƙidayar bana ce ta ƙarshe. Ranar Alhamis kwamiti zai zo daga ma'aikata ya duba. In sun gamsu, a ba mu hekta arba'in a ainihin ramin mu yi aikin. In ba su gamsu ba, a rufe fayil.

Ina nan tsaye wata mata ta ɓullo daga cikin dawa, ɗaurin itace a kafaɗarta. Na san fuskarta, ban san sunanta ba. Ta sauke itacen tana murmushi.

"Madam Dakta, sannu da zuwa. Ka ga aiki?"

"Na gani. Su wa suka yi?"

"Mu ne. Zumuntar mata. Ni ce Janet, ni ce shugaba." Ta dafa ƙirji. "Mu ashirin da uku, ranar Asabar. Kafin ƙarfe biyu mun gama."

"Ina Baba Silas?"

Baba Silas shi ne mai ƙasar, shi ne kuma mai kula da filin. Shi kaɗai na taɓa zaunarwa na yi wa bayanin aikin.

"Ba ka ji ba? Yana asibiti a Gwagwalada, an yi masa aiki a ciki. Sati biyu ke nan. Christina matarsa tana can wurinsa."

Na tuna kira biyu da na gani a wayata makon jiya ina cikin taro. Ban kira shi ba.

"Mutum yana kwance, ba a barin gonarsa ta mutu," in ji Janet. "Mun yi masa gayya. Ta doya mun yi, ta dawa mun yi. Sai wannan. Wannan ne ya sha mu, Madam. Shekara uku muna wucewa muna kallo, kunya yana kama mu. A kasuwa ana ce masa mai gadin ciyawa. Muka ce to, bari ya dawo ya samu an cire masa kunya."

"Ba ku ga allon ba?"

"Mun gani. Kindness ta karanta mana, ita ta yi sakandare. Ta ce sunan ofishinku ne."

Na juya na dubi allon. Gaskiyar Kindness. Sunan aikin ne da Turanci, layi uku, da tambari biyu. Babu inda aka ce kada a nome. A Afirka ta Kudu, inda na yi shekara bakwai ina koyon wannan aiki, waya da allo sun isa. Babu wanda zai shiga filin wani ya yi masa noma don tausayi.

Murmushin Janet ya ragu. "Akwai matsala ne?"

"Mama Janet, ciyawar ita ce amfanin gonar."

Ta dube ni. Sannan ta dubi filin, ta kama baki.

Na koma mota na kira Malam Lukmanu, shugaban sashenmu a Sheda. Ya saurara har na gama.

"Inna lillahi. Duka?"

"Duka, Yallaɓai."

"Ba za su ɗaga ranar ba, Rahmatu. Sau biyu muna ɗagawa. Shugaban kwamitin ma tafiya zai yi ranar Juma'a." Ya rage murya. "Kina da alƙaluman bara. Ki ɗan ƙara musu yadda hankali zai ɗauka. Ciyawa ce fa, wa zai bi ya ƙirga?"

"Ni."

"To sai ki ƙirgo mini abin da babu," ya ce, ya kashe.

Na buɗe ƙofar wayar na shiga. Janet ta biyo ni a baya. Sai da na kai tsakiya hankalina ya dawo, na lura da abu biyu.

Na farko, ba a taɓa turakun ba. A gefen kowane fili kuma akwai tarin ciyawa, kowane daban.

"Wa ya ce ku tara haka?"

"Haka ake yi. Mun ga an riga an raba wuri da itace, sai muka ce mata biyu su kama ɗaya. Kowa ya tara nasa a kan iyakarsa, don a ga wanda ya yi aiki da wanda ya zo cin abinci."

Na biyu, gamba tana nan. Gindi-gindi, kore shar, wata ta kai mini ƙirji. An share kewayenta kamar an yi mata aski.

"Wannan fa? Me ya sa kuka bar ta?"

Janet ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ba su nome doya ba. "Gamba? Wa yake cire gamba? Da me za a yi zana, da me za a rufe rumbu?"

Na ƙirga tarin. Tara ne, takwas masu kyau. Na fili na biyu da na bakwai babu su, Kindness ta kwashe wa awakinta. Na sha ɗaya da na sha biyu an haɗe su wuri guda, domin a lokacin rana ta yi zafi, kowa ya gaji. Shi ma ana iya cewa rabin asara ne. Na tura hannu cikin tari ɗaya. An yi ruwa ranar Lahadi, cikinsa ya fara ɗumi. Kwana biyu nan gaba zai ruɓe, ba mai iya gane wace ce wace.

Yawan ƙasar da ciyawar ta rufe, wannan ya tafi, ba zai dawo ba. Amma irin ciyawar da nauyinta suna nan cikin tarin, in an samu hannun da zai rarrabe. Ni kaɗai sai in yi wata guda.

"Mama Janet, ina son gayya. Gobe."

"Na noma?"

"Na tsince. A zauna a ware ciyawar nan iri-iri."

Ta yi dariya har da tafa hannu, sannan ta ga ba wasa nake yi ba. "To. Amma akwai doka. Mai kiran gayya shi ke dafa abinci."

"Zan kawo."

"Kuma ba a kiran gayya a gonar mutum yana kwance ba ka je ka gaishe shi ba. Ka je yau. In ba haka ba, ko mace ɗaya ba za ta fito ba."

Na dubi agogo, na dubi tarin da ke ɗumi. Na shiga mota na nufi Gwagwalada.

Na sami Baba Silas a gado na ƙarshe kusa da taga. Ya rame. Matarsa Christina tana zaune a ƙasa tana ɓare masa lemo. Labari ya riga ni zuwa, don yana ganina ya juya fuska bango.

"Baba, ya jiki?"

"Jiki da sauƙi, Dakta. Amana ce babu sauƙi."

"Ba laifinka ba ne. Ka kira ni sau biyu."

"Na kira in ce ki samu wani ya riƙe wurin." Ya juyo a hankali, hannunsa a kan ɗinkin. "Tun shekarar farko na ce ki zo mu je wurin mai gari, ki tsaya a coci bayan sujada ki yi minti biyar. Kika ce sai an samu lokaci."

"Na ce haka."

"Ni in na faɗa musu, sai su ce lalaci ne ya samu suna mai kyau."

Christina ta miƙo mini ɓarin lemo. Na karɓa.

"Sun dai yi noma mai kyau?" ya tambaya.

"Ban taɓa ganin irinsa ba."

"Janet ba ta wasa." Ya fara dariya, ɗinkin ya hana shi, ya riƙe gefen gado har ta wuce. "Sun bar gamba?"

"Sun bari."

"To. Akwai babba a fili na biyar, wajen yamma. Bara da rani komai ya bushe, wata huɗu babu ruwa, ita tsakiyarta kore ne. Na daɗe ina so in ce ki tona ƙarƙashinta, amma kin ce kada a taɓa komai."

Daga asibiti na biya kasuwa na ɗauki shinkafa, manja, busasshen kifi da albasa. Na ari sikelin rataye a ɗakin gwajinmu, da tamfol uku.

Ranar Talata mata goma sha tara suka fito. Muka shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin ɗorawa, muka ɗauko tari na farko. Na fara yi musu bayanin yadda ake duba ganye da kai da saiwa. Ban kai rabi ba Janet ta ɗaga hannu.

"Madam, ka zauna ka rubuta. Mu mun san su. Kowace safiya muna faɗa da su."

Na zauna na rubuta.

Hannunsu ya fi idona sauri. Kyasuwa nan, tofa can, harƙiya, tuji, tsintsiya. Suna jefawa suna hira, suna faɗin sunan da yarensu, wadda ta san na Hausa ta faɗa mini, ni kuma in sa na littafi a gefe. Aka sa Kindness a gaba da tsiya.

"Kindness, je ka tambayi awakinka iri nawa suka ci!"

"Ki kawo su nan Madam ta auna su a sikeli, a cire nauyin jiya."

"Ku bar ni," in ji Kindness. "Awaki na sun ci ciyawar gwamnati, yanzu sun fi naku ilimi."

Wajen ƙarfe sha ɗaya wata tsohuwa da ake kira Kaka ta dakatar da ni. Na haɗa ɗauri biyu zan rataya a sikeli, ta fizge ɗaya.

"Ba ɗaya ba ne."

"Harƙiya ce duka, Kaka."

"Wannan akuya tana ci. Wannan tana shinshinawa ta wuce."

Na ciro gilashin dubawa daga jaka na kara a ido. Ɗaya tana da gashi a gindin ganye, ɗaya babu. Kawunansu ma ba iri ɗaya ba ne in an lura. Shekara biyu ina rubuta su a layi ɗaya. Na ja layi a littafin, na rubuta a gefe cewa ƙidayar bara da ta bara waccan tana buƙatar gyara.

"Makarantar nesa," in ji Kaka, ta koma kan aikinta.

Aka ci shinkafa da azahar. Na yi salla a gefen mota, na dawo na tarar sun kama tari na shida. Yayyafi ya kore mu da la'asar. Muka gama ranar Laraba da hantsi, tarin ƙarshe yana wari, rabinsa ya yi baƙi, amma Kaka ta bi shi da yatsa har ƙasa.

Na zauna a mota na haɗa. A filayen baƙar ƙasa zalla, iri huɗu ne, tarin kowanne bai cika buhu ba, gamba ko gindi ɗaya babu. A masu ƙasar gona, iri goma sha ɗaya, gamba gindi shida. A masu kashin shanu da ciyawar daji, iri goma sha tara, gamba gindi talatin da biyu. Layin fili na biyu da na bakwai na bar su fari. Na sha ɗaya da na sha biyu na rubuta su a haɗe, na faɗi dalili. Shafin yawan ƙasar da ciyawa ta rufe na rubuta masa kalma ɗaya: babu.

Na tura wa Malam Lukmanu. Ya kira nan take.

"Har da awakin kika sa?"

"Su suka ci, Yallaɓai."

"Allah Ya kyauta," ya ce.

Ranar Alhamis motoci biyu suka zo. Shugaban kwamitin, Injiniya Farouk, ya fito cikin farar shadda da takalmi mai sheƙi. Tare da shi akwai wata Madam Vivian mai riƙe da rahotona, ta riga ta cika shi da jan biro, da wani mutum da bai ce komai ba har suka tafi. Matan zumunta suka tsaya daga nesa a ƙarƙashin ɗorawa. Ban kira su ba.

Malam Lukmanu, wanda ya rako su, ya fara jawabi a kan ƙalubalen aikin fili. Injiniya ya bar shi ya yi minti biyu, sannan ya dube ni.

"Dakta, ina ciyawar?"

Na faɗa masa. Mai gadi ya kwanta asibiti, maƙwabta suka yi masa gayya, ni kuma ban taɓa gaya wa kowa a garin abin da filin yake ba.

"Wato kin kawo mu mu ga inda ciyawa ta taɓa zama."

"Haka ne."

Madam Vivian ta buɗe shafi. "Layi biyu babu komai. Wani shafin gaba ɗaya babu komai. Ba za mu iya sa hannu a kan wannan a matsayin cikakken sakamako ba, kin sani."

"Na sani."

"Ko da na bara ma kin ce akwai kuskure."

"Akwai. Iri biyu na haɗa a matsayin ɗaya. Waccan tsohuwar ce ta gano."

Malam Lukmanu yana kallon takalminsa.

"Akwai abu ɗaya da ban rubuta ba, don ban gan shi ba tukuna," na ce. "Ina so mu gani tare. Ban san abin da za mu tarar ba."

Na kai su fili na biyar, wajen yamma. Gambar tana nan, ta fi sauran kauri, ta fara fitar da kai. Na ɗaga wa Janet hannu, ta zo da fartanyarta. Ta durƙusa ta gaida baƙi, ta miƙe, ta tofa yawu a tafi, ta fara sara a gefen gindin.

Taƙin farko jar ƙasar gona ce, cike da saiwa kamar tabarma. Wannan ban yi mamaki ba. Abin da kowa ke tsoro a irin wannan aiki shi ne saiwa ta kai kan baƙar ƙasar ta lanƙwashe, ta bi gefe, ciyawar ta rayu a sama kamar a tukunya, rani mai tsanani ɗaya ya kashe ta. Fartanya ta fara ƙara a kan tsakuwa. Janet ta ajiye ta, ta sa hannu tana yaye ƙasar.

Saiwoyin ba su lanƙwashe ba. Farare, sirara, sun ratsa cikin baƙin sun yi ƙasa. Janet ta ci gaba har ramin ya shanye hannunta zuwa kafaɗa, ba ta kai ƙarshensu ba. Ta ciro wani dunƙule ta miƙa mini. A jikinsa akwai tana guda, tana motsi.

Injiniya Farouk ya tattare shaddarsa ya tsuguna. Bai isa ya gani ba, sai ya sa gwiwa a ƙasa. Ya tura hannu ya shafa bangon ramin, ya murza baƙar ƙasar a yatsunsa, ya shinshina.

"Gindi nawa kika ce?"

"Talatin da biyu a filaye huɗu masu kashin shanu, har da wannan. Ɗaya muka tona. Ban san sauran ba."

"A tona biyu kuma. Ni zan zaɓa."

Ya zaɓa. Ɗaya ta ratsa kamar ta farko. Ɗaya ta tsaya a tsawon kamu ɗaya cikin baƙin, ba ta wuce ba. Madam Vivian ta rubuta duka ukun.

Suka koma gefen mota suka yi magana su kaɗai. Kwatan awa suka ɗauka. Janet tana mayar da ƙasa cikin ramukan, tana dannawa da diddige, ba wanda ya sa ta.

Injiniya ya dawo, gwiwar shaddarsa baƙa.

"Hekta arba'in ba za ta yiwu ba a kan sakamakon fili takwas. Za mu ba da shawarar goma. Wannan filin kuma ya ƙara damina ɗaya, ki kawo mana shafin da ya ɓata." Ya dubi matan da ke ƙarƙashin ɗorawa. "Nawa ne suka nome wannan a rana ɗaya?"

"Ashirin da uku."

"Da mahaifiyata ce, da ta ɗauke su aikin gona duka," ya ce, ya shiga mota.

Malam Lukmanu ya tsaya kusa da ni har ƙurar tasu ta kwanta. "Goma," ya ce. "Da kin bi tawa da arba'in ce." Ya juya ya tafi.

Ranar Lahadi na je wurin mai gari tare da Janet, daga nan na jira a ƙofar coci har aka tashi. Aka ba ni minti biyar, na ci goma sha biyar saboda tambayoyi. Wani ya tambaya ko za a iya yankan gambar in ta bushe. Na ce baɗi. Allon na sa aka sake shi, layi ɗaya da Hausa, Kindness ta rubuta na ƙasa da yarensu.

Bayan sati biyu aka sallamo Baba Silas. Na same shi a bakin wayar a kan kujerar roba, sanda a tsakanin ƙafafunsa. An yi ruwa sau huɗu tun ranar gayyar. Filayen sun yi wani kore siriri kamar gashin jariri, ya fi kauri a inda muka zuba kashin shanu, ya fi ƙaranci a kan baƙar ƙasa. Na ajiye firam a fili na ɗaya, na durƙusa, na buɗe sabon shafi.

Janet ta zo wucewa da itace a kafaɗa. Ta tsaya ta leƙa ta saman waya.

"Madam Dakta, amfanin gonarka ya fara fitowa. In ya kai noma ka aiko mini."

"Ki kuskura," in ji Baba Silas.

Tofa, bakwai. Na rubuta, na matsa da firam ɗin gaba.